Kibod da maus marasa waya: me ya sa mai sauri ke shan batir, mai jimiri kuma ke jan ƙafa?

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwamfuta kwanan nan, ko a Beirut Road ne a Kano ko Banex a Abuja ko kuwa a intanet yake duba kaya, zai ga kwalayen maus da kibod sun cika da lambobi. Wannan an rubuta masa 1ms, wancan 1000Hz, wani 8K, wani kuma a ce yana haɗuwa ta hanya uku, Bluetooth da dongul (ƙaramar risiba, wato mai karɓar saƙon na'urar, da ake sokawa a ramin USB) da kebul. Mai shago zai ce maka mai babbar lamba shi ne oga, shi ma abin da ya gani a kwali yake faɗa. Sai mutum ya biya kuɗi masu kauri ya kai gida, kwana biyu batir ya zauna, ko kibiyar maus ta riƙa tsalle-tsalle a sikirin, alhali abokin aikinsa na nan da tsohon maus mai araha ya kusa shekara bai canza batir ba kuma bai taɓa kuka da shi ba. Wani kuma akasin haka ne, ya sayi mai arahar, yana cikin taifin sai harafin farko ya ɓace, ko ya ga aaaaaa ta cika layi ba shi ya danna ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a cikin waɗannan na'urori, saurin amsawa da kuma tabbas ɗin cewa saƙo zai isa kowane lokaci, ga batir a tsakiya shi ke biyan kuɗin faɗan, kuma kowane kamfani sai ya zaɓi inda zai karkata.

Kalmomin da ya kamata a fara ganewa

Jinkiri, wanda 'yan gem ke cewa lag, shi ne lokacin da ke wucewa daga sa'ar da ka danna maɓalli ko ka motsa maus zuwa sa'ar da kwamfuta ta sani. Da milisakan ake auna shi, wato sakan ɗaya a raba shi gida dubu, shi ne ms ɗin nan da ake rubutawa.

Lambar Hz kuwa tana nufin sau nawa a sakan ɗaya na'urar ke kai wa kwamfuta rahoto. Maus na ofis na yau da kullum 125Hz yake, kowane milisakan 8 ya kai rahoto ɗaya kenan. Mai 500Hz kowane milisakan 2, mai 1000Hz kowane milisakan 1, mai 8000Hz da ake rubuta wa 8K kuwa rahoto takwas yake kaiwa cikin milisakan ɗaya. A lura da lissafin nan domin shi ne ginshiƙin maganar: tashi daga 125 zuwa 1000 ya rage maka milisakan 7 cur, amma tashi daga 1000 zuwa 8000, duk da girman lambar a ido, abin da ya rage bai kai milisakan ɗaya ba.

Sai tabbas, wanda shi ba a cika rubuta shi a kwali ba saboda ba ya da lamba mai ɗaukar ido. Ma'anarsa cikin rahoto dubu nawa ne suka isa lafiya, nawa suka ɓace aka sake turawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai take ko kuwa yanzu milisakan 1 an jima 30. Hannun mutum yana sabawa da jinkiri in dai daidai yake kullum, kamar yadda direba ke sabawa da birkin motarsa ko da mai nisa ne, abin da ba a sabawa da shi shi ne birkin da yau yana kamawa a sama gobe sai an take shi har ƙasa. Galibin abin da mutane ke kira lag a maus mara waya wannan rashin daidaiton ne.

DPI kuma wani abu ne daban da ake yawan haɗa shi da sauri. Shi yana faɗa ne nisan da kibiya za ta yi a sikirin in ka matsar da maus inci ɗaya, ba ruwansa da saurin isar saƙo.

Kasuwa ɗaya, kowa na magana

Kusan duk kibod da maus marasa waya na yanzu a zangon rediyo na 2.4GHz suke aiki, daga 2400 zuwa 2483.5MHz. Tsofaffin na farkon shekarun 2000 da yawa a 27MHz suke, da risiba ƙato mai igiya, aka bar su. Dalilin da kowa ya koma 2.4 shi ne zango ne da aka ware wanda ba sai ka nemi lasisi ba a kusan duk duniya, to amma abin da yake kyauta kowa zai zo, Wi-Fi na ciki, Bluetooth na ciki, hospot ɗin wayarka na ciki, MiFi ɗin da ke kan tebur na ciki, iyafis da sipika da agogon hannu duk suna ciki, har obin na maikirowef a 2.45GHz yake dafa abinci. Ka ɗauka kamar kana tsakiyar Kantin Kwari ana gobe sallah kana son ka yi wa wani raɗa daga tsallaken layi. Maus ɗinka da ɗan batir ɗaya yake magana, muryarsa ƙarama ce ƙwarai in aka gwada da rauta mai shan wuta daga soket.

Dabarar da aka samo ita ce tsalle daga tasha zuwa tasha. Bluetooth na asali ya raba zangon gida 79 yana canza tasha sau 1600 a sakan ɗaya, ta yadda in saƙo ya ci karo da hayaniya a wannan tashar na gaba zai bi ta wata. A 2003 aka fitar da Bluetooth 1.2 wanda ya ƙara wayo, na'ura ta riƙa gane tashoshin da suka cika ta daina bi ta kansu gaba ɗaya. Sai a 2010 Bluetooth 4.0 ya zo da nau'in nan mai tattalin wuta da ake kira BLE, mai tashoshi 40, wanda yawancin maus da kibod na Bluetooth na yanzu ke amfani da shi. Su ma dongul na kamfanoni suna da irin nasu tsallen.

Dabara ta biyu ita ce jiran amsa. Na'ura ta tura saƙo, risiba ta ce na samu, in ba a ji wannan amsar ba sai a sake turawa. A nan ne sauri da tabbas ke fara karo da juna ƙiri-ƙiri, domin kowace sake turawa lokaci take ci kuma batir take sha, in kuma aka ce ba za a sake ba don kar a ɓata lokaci, saƙo ya tafi kenan.

Maus da kibod ba ciwo ɗaya suke ba

Wannan wurin ne mutane ba su cika lura da shi ba, ana sayar da su a kwali ɗaya sai a ɗauka buƙatarsu ɗaya.

Rahoton maus kamar ɗanyen tumatir yake, ba ya jiran gobe. Abin da yake faɗa shi ne na matsa kaza zuwa dama, kaza zuwa sama, kuma kafin ka ƙifta ido wani sabon rahoton ya riga ya zo. In guda ɗaya ya ɓace cikin ɗari ba wanda zai lura. Amma in aka samu cunkoso rahotanni suka taru suna jiran layi sannan suka isa lokaci guda, shi ne za ka ga kibiya ta tsaya cak sannan ta yi tsalle ta wuce inda kake so. Don haka shi maus ya fi son a kai saƙo yanzu ko a bar shi.

Kibod kuwa saƙonsa kaɗan ne amma kowanne amana ne. Wanda ke taifin kalma 60 a minti, wanda mai sauri ne a wurinmu, haruffa biyar kacal yake dannawa a sakan, tsakanin harafi da harafi akwai kusan milisakan 200, ka ga milisakan 8 ba komai ba ne a wajensa. Amma kowane dannawa saƙo biyu ne, ɗaya ya ce an danna, ɗaya ya ce an saki. In na farko ya ɓace harafi bai fito ba. In na biyu ne ya makale, kwamfuta na ganin har yanzu yatsanka na kan maɓallin sai ta ci gaba da maimaitawa, asalin aaaaaa ɗin nan kenan. Yanzu ka ƙaddara maɓallin gogewa ne ya makale haka a tsakiyar aikin furojet ɗin ɗalibi, ko sifili ɗaya ya ɓace a lambar akawun, ko fasawod ta ƙi shiga sau uku aka rufe maka asusu. Ga masu rubuta Hausa da ƙugiya ma abin ya fi tsanani, tunda a tsarin kibod da yawa ƙ da ɗ da ɓ sai an haɗa maɓalli biyu, dole saƙonnin su isa a jere yadda aka danna su, in ba haka ba k ce za ta fito, ƙafa ta koma kafa. Shi ya sa a kibod tabbas ke gaba da sauri nesa ba kusa ba, sai dai ga ɗan gem da ke tafiyar da wasa da maɓallai.

Akwai kuma wani ɗan jinkiri da ke cikin maɓallin kansa wanda ba ruwansa da rediyo. Ƙarafa biyun da ke haɗuwa in ka danna ba sa haɗuwa sau ɗaya tsaf, sai sun ɗan yi rawa na 'yan milisakan, don haka na'ura ke ɗan jira, kamar milisakan 5 a maɓallan ƙarfe da aka saba, kafin ta yarda dannawa ɗaya ce. In kamfani ya rage wannan jiran don sauri, da maɓalli ya fara tsufa ko ƙura ta shige shi sai ka danna sau ɗaya ya karanta biyu, sauri ya haifi nawa kenan. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka koma maɓallai masu aiki da haske ko maganaɗisu, da ba su da ƙarfe mai rawa.

Bluetooth ko dongul

Masu goyon bayan Bluetooth suna da hujja mai ƙarfi. Ba ya cin ramin USB, kuma laftof ɗin yanzu wasu rami biyu kawai gare su. Yana haɗuwa da waya da tablet da talabijin, kibod ɗaya ya yi maka aiki da na'ura uku ka riƙa canzawa da maɓalli. Ba wani ɗan ƙaramin abu da zai ɓace a jaka. Saƙonsa kuma a kulle yake, wato wani ba zai iya karanta shi a hanya ba, bisa ƙa'idar da kamfanoni da yawa suka haɗu suka tsara, tun kafa ƙungiyar Bluetooth SIG a 1998.

Rauninsa shi ne an gina shi don ya yi wa kowa hidima, ba don gudu ba. A ƙa'idar BLE da aka daɗe a kanta tun 2010, mafi ƙanƙantar tazara tsakanin ganawa da ganawa milisakan 7.5 ce, wato rahoto kusan 133 a sakan, kuma ba maus ne kaɗai ke da ta cewa ba, kwamfuta ko waya na iya zaɓar tazarar da ta fi haka tsawo. Sannan a laftof da yawa Wi-Fi da Bluetooth a kati ɗaya suke har eriya suke rabawa, shi ya sa wani zai ga maus ɗinsa na lafiya ƙalau sai ya fara sauke babban fayil ko ya haɗa iyafis yana kiran bidiyo sannan ya fara makalewa. Ƙari a kan haka sai Windows ko wane tsari ne ya gama tashi kafin Bluetooth ya fara aiki a yawancin kwamfutoci, don haka mai gyara da ke son shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ko zai yi fomatin, kibod ɗin Bluetooth ba zai yi masa rana ba.

Shi dongul kamfani ɗaya ne ya ƙera bakin da kunnen, yana iya tsara yaren da suke magana da shi yadda ya ga dama, ya zubar da duk wata doguwar gaisuwa. Kwamfuta kuma kallon kibod mai waya take masa, kana sokawa ya kama, har a BIOS. Amma a kula, ba kowane dongul ne mai gudu ba. Logitech kaɗai yana da iri-iri: Unifying da ya fito a 2009 wanda risiba ɗaya ke ɗaukar na'ura har shida, an yi shi ne don ofis da daɗewar batir, Lightspeed na 'yan gem mai rahoto kowane milisakan ɗaya, sai Bolt na 2021 da aka gina a kan BLE aka fi ba tsaro da juriyar cunkoso muhimmanci. Kuma ba sa jin yaren juna, maus ɗin Unifying ba zai hau risibar Bolt ba. Razer na da nasa HyperSpeed, Corsair na da Slipstream. Dongul ɗin maus mai araha mara suna kuwa galibi 125Hz ne, kusan kunnen doki da Bluetooth a sauri.

Babban aibinsa a wurinmu shi ne ɓata. Maus na gwanjo da yawa suna zuwa ba risiba, kuma a masu arahar an ɗaura auren maus da dongul ɗinsa ne tun daga masana'anta, in ya ɓace shi kenan maus ya zama abin wasan yara. Irin su Unifying da Bolt ne ake iya sayen wata risibar a sake haɗawa da manhaja.

Batir ne ke biyan kuɗin gudun

Kowane rahoto sai an kunna rediyo an tura an jira amsa, kuma sensar da ke ƙasan maus, wadda ƙaramar kyamara ce mai ɗaukar hoton tebur dubbai a sakan, ita ma tana sha. Lambobin da kamfanonin suka fitar da kansu sun isa misali. Logitech G305 da batir AA guda ɗaya yana yin awa 250 in yana rahoto kowane milisakan 1, in aka mayar da shi yanayin tattali na milisakan 8 kuwa kamfanin ya ce yana kai wa wata tara. Maus ɗaya, batir ɗaya. Razer Viper V3 Pro na 2024 an ce yana kai awa 95 a 1000Hz, amma a 8000Hz sai ya dawo awa 17. Wato don ka ci ribar abin da bai kai milisakan ɗaya ba ka sadaukar da fiye da kashi huɗu cikin biyar na cajinka, taura biyu ba ta taunuwa. Ita ma kwamfutar sai ta ƙara aiki wajen karɓar rahoto dubu takwas a sakan, a tsohuwar laftof hakan na iya sa wasan da kansa ya riƙa sarƙewa.

Su kuma na ofis da ake cewa suna shekara ko fiye da batir ɗaya, sirrinsu barci ne. Kana ɗauke hannu na ɗan lokaci sai su rage aiki, in an ƙara jimawa su yi barci mai nauyi su kashe rediyo. Da ka dawo ka taɓa, sai sun farka sun nemo risiba sun sake gaisawa, a Bluetooth wannan na iya ɗaukar sakan guda ko biyu, kuma kibod da ba a tsara shi da kyau ba sai ya zubar da haruffan da ka danna a wannan tsakanin maimakon ya riƙe su. Ɓatan harafin farko bayan ka dawo daga salla ko shan shayi daga nan yake, ba lalacewa ya yi ba.

Irin batirin ma na da tasiri. Batirin tocila mai araha ƙarfinsa na saurin sauka, kuma kafin ya mutu gaba ɗaya sai na'ura ta fara abin da ya yi kama da matsalar sigina, nisa ya ragu, kibiya ta riƙa yankewa. Ga shi yana yoyo in ya daɗe a ciki musamman lokacin zafin bazara, ya cinye ƙarafan. Alkalin ya fi riƙe ƙarfi. Masu caji kuma 1.2V suke bayarwa maimakon 1.5V, yawancin na'urori na aiki da su lafiya amma wasu za su riƙa nuna batir ya yi ƙasa alhali da saura.

Laifin da ake ɗora wa maus alhali na tebur ne

A ɗauki wani bizines santa irin wanda kowa ya sani a bakin makaranta. Tebur na ƙarfe, sifiyu a ƙasa an tura shi jikin bango, dongul an soke shi ta baya don kar kwastoma ya zare, kusa da shi an soka hadis na waje, wato ma'ajiyar fayil ta hard disk, a ramin USB mai shuɗi ana kwafe fayil, MiFi na kwance a kan sifiyun, ɗalibai biyar na tsaye kowanne waya a hannu wasu hospot a kunne. Yarinyar da ke taifin tana ta jijjiga maus tana bugawa a tebur tana cewa ya lalace, oga ya aika a sayo sabo, sabon ma haka.

Saƙon maus ɗin nan sai ya ratsa ƙarfen tebur da ƙarfen sifiyu da gwiwar mai taifin, kuma ƙarfe na tare wannan zangon, jikin mutum ma da yake yawancinsa ruwa ne yana shanye shi. Sannan ga ramin shuɗin nan, wanda shi ne USB 3.0. A 2012 kamfanin Intel ya fitar da takarda yana bayanin cewa USB 3.0, mai gudun 5Gbps, yana fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗowa daidai kan zangon 2.4GHz, musamman in kebul ko mahaɗar ba su da rufi mai kyau, har ta iya kurumtar da risibar da ke gefenta. Maganin da aka bayar mai sauƙi ne, a nisanta su, a samu ɗan kebul na ƙari a jawo dongul ya hau kan tebur kusa da maus, ko a ƙalla a mayar da shi ramin gaba ko ɗaya gefen laftof. Shi ya sa maus ɗin gem masu tsada ke zuwa da wannan kebul a kwali, kuma ƙwararrun 'yan wasa ke ajiye risibar taku ɗaya da hannunsu. Mita 10 da ake rubutawa a kwali a fili ne ba shamaki ba hayaniya.

In rauta ko MiFi na da zangon 5GHz, mayar da laftof can yana rage cunkoson sosai. Sannan a duba idon maus, lokacin hunturu ƙura da zare na taruwa a wurin, kuma tebur mai gilas ko mai sheƙi na rikita sensa, duk waɗannan a ido kamar matsalar sigina suke.

Maganar tsaro

Tabbas ba wai saƙo ya isa kawai ba ne, har da a ce naka ne ya isa kuma ba wanda ya saurara a hanya. A 2016 wani kamfanin tsaro na Amurka mai suna Bastille ya bayyana raunin da ya kira MouseJack, inda mai binciken, Marc Newlin, ya nuna cewa risibobi da yawa da ba na Bluetooth ba suna kulle saƙon kibod amma suna barin na maus a buɗe, har mutum zai iya tsayawa daga nesa, kusan mita 100, da ɗan rediyo mai araha ya yaudari risibar ta karɓi rubutu kamar mai kwamfutar ne ke dannawa. Abin ya shafi kayan manyan kamfanoni da dama, wasu sun fitar da gyara, wasu na'urorin kuwa ba a iya sabunta su. A shekarar dai suka sake nuna wasu kibod masu araha da ke watsa duk abin da aka danna ba kullewa ko kaɗan. Kulle saƙo ba ya cin wani lokacin a zo a gani a guntayen ƙwaƙwalwar na'ura na yanzu, inda ake tsallake shi yawanci don rage kuɗin ƙira ne. Ga mai shagon da ke shigar da fasawod ɗin banki ko bayanan mutane duk rana, wannan ya fi 1ms muhimmanci.

To wa ke da gaskiya, kuma wa abin ya shafa

Masu cewa a nemi mafi sauri suna da gaskiya a fagensu. Mai buga gasar harbi a kwamfuta mai sikirin 240Hz, wanda ke sabunta hoto kowane milisakan 4 da ɗoriya, zai ji bambancin 125Hz da 1000Hz a hannunsa, motsi ya fi santsi, kuma maus mara waya mai kyau na yanzu ya kamo mai waya a wannan fannin. Masu cewa duk talla ce su ma suna da abin kamawa, domin yawancin laftof da ke hannun jama'a sikirin 60Hz gare su, hoto ɗaya kowane milisakan 16.7, komai gudun maus sai ya jira sikirin, kuma shi kansa ɗan Adam yana ɗaukar kusan milisakan 200 kafin ya mayar da martani ga abin da ya gani. In kuma wasan ta intanet ake yi da data, jinkirin netwok kaɗai ya ninka na maus sau da yawa. Inda aka fi saɓani shi ne sama da 1000Hz, ana iya auna bambancin da na'ura amma ba kowa ke iya jin sa ba, kuɗin da batir ke biya kuwa kowa na gani.

Ga ma'aikacin ofis, ɗalibi, ɗan jarida da mai taifin, maus 125Hz mai risiba ta kirki da batir alkalin ya wadatar, abin dubawa shi ne kibod ba ya zubar da harafi in ya farka daga barci, kuma ana iya gwada wannan tun a shago, a bar shi minti goma sannan a rubuta jimla a gani. Mai yawo da laftof da tablet Bluetooth ya fi masa sauƙi, in ya samu mai hanya biyu ya ajiye dongul a ramin da aka yi masa a cikin maus saboda ranar da Bluetooth ya ƙi. Masu zane da masu tace fim, irin editocin Kannywood da ke yanka hoto firem-firem, sun fi amfana da 500 ko 1000Hz saboda santsin jan kibiya, ga shi kuma su ne suka fi kowa soka hadis a USB 3.0, don haka kebul ɗin ƙari dole ne a wurinsu. Wanda ya riga ya sayi mai 8K yana iya shiga manhajarsa ya sauke shi zuwa 1000 don aikin yau da kullum, cajin kwana ɗaya ko biyu ya koma na mako, wanda ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta sai ta ga dama.

Inda kuma kwamfutoci suka yi yawa a ɗaki ɗaya, kamar cibiyoyin jarrabawar JAMB masu kujeru ɗaruruwa ko kafe ko ɗakin kwamfuta na makaranta, lissafin ya canza gaba ɗaya. Na'urori ɗari biyu ko fiye a zango ɗaya, kowacce da batirin da zai iya mutuwa a tsakiyar jarrabawa da dongul ɗin da zai iya shigewa aljihun wani, ga wahalar gane wane maus ne na wace kwamfuta in suka cakuɗe. A irin waɗannan wuraren har yanzu mai waya ake shimfiɗawa, kebul ɗin USB ya kai saƙo ya kuma kawo wuta, ba barci ba farkawa.